Ɗaukewar wuta ba kariya ba ce ga mai gyaran lantarki

A Maraɗi ko Damagaram, da zarar an ɗauke wuta da rana, wasu matasa masu aikin lantarki sai su ce dama ta samu. Yaro ya jingina tsanin ƙarfe, ya hau da silifa, ya kama waya da hannu haka nan, wai ai babu wuta. To amma NIGELEC ba ta kiran kowa kafin ta maido da ita.

Abin ya ƙara rikicewa tun da aka katse wutar da ke zuwa daga Najeriya a watan Agustan 2023, lokacin da gidaje da shaguna da dama suka koma ga janareto da sola. Janareton da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba yana iya turo wuta cikin wayar da ake zaton matacciya ce. Farantin sola kuwa babu ruwansa da ɗaukewar wuta: muddin rana na dukansa, yana bayarwa. Kuma volt 220 na gida ya isa ya tsayar da zuciya, balle a zafin Afrilu da gumi ke jiƙa tafin hannu.

Safar masu walda ko ta magina ba ta tare lantarki, ko da ta fi kauri. Wadda ta dace ta roba ce, da ajinta rubuce a jiki: aji 00 na ɗaukar volt 500, aji 0 kuma 1000. Kafin a sa ta a hura mata iska, a naɗe bakin. In ta sace, ta tashi aiki. Sai takalmi rufaffe mai ƙasan roba, busasshen tsanin katako, da abin gwajin wuta, wanda shi ma sai an fara gwada shi inda aka tabbata akwai wuta. Zobe da agogon ƙarfe su koma aljihu kafin a taɓa batir.

Laifin bai tsaya kan yaran ba. Maigidan da ya tura almajirinsa saman rufi babu safa, shi ya san haɗarin, yaron bai sani ba. Haka mai gidan da ke ciniki har sai ya matse kuɗin aiki, sannan ya ce a yi sauri. 'Yan ci-rani da ke aiko kuɗi daga Abijan ko Aljeriya a sa wa iyaye sola suna tambayar girman batir da yawan faranti. Kamata ya yi su nemi a turo musu hoton mai aikin sanye da kayansa kafin su biya cikon.