Kada a Auna Keken Ɗinkin Uwa a Sikelin 'Yan Gwangwan

A gidaje da yawa a ƙasar Hausa akwai baƙin keken ɗinki a kusurwar ɗakin uwa ko kaka, an lulluɓe shi da tsohon zane. Adon ruwan zinariyar da ke jikinsa ya koɗe daidai inda hannu ke dafawa, matakin ƙafarsa kuma ya yi sulɓi saboda shekarun da aka yi ana taka shi. Idan mai keken ta rasu aka zo rabon gado, sau da yawa kuɗi kaɗan ake yi masa, ko ya faɗa hannun 'yan gwangwan su auna shi kamar kowane ƙarfe. Wani lokaci kuma ɗaya daga cikin 'ya'ya yakan biya sauran magada ya riƙe shi, ko wadda ta rasa na mahaifiyarta ta shiga kasuwa neman irinsa. Wasu kan kira wannan ɓarnar kuɗi. A ganina ciniki ne mai kyau, muddin keken zai ci gaba da ɗinki.

Mu fara da ƙarfen kansa. Isaac Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka a 1851, kuma babbar masana'antar kamfanin Singer da ke Clydebank a Sikotland ta yi kusan shekara ɗari tana ƙera kekuna kafin a rufe ta a 1980. Ke nan duk keken da ya fito daga can ya haura shekara 40, amma da yawansu suna aiki har yau, domin da zubin ƙarfe aka yi su, ba da roba ba. Samfurin Singer mai lamba 15 ya karɓu har kamfanoni da dama suka kwaikwaye shi, ciki har da Butterfly na birnin Shanghai wanda ya cika shagunan telolinmu. Shi ya sa allurarsa da sauran ƙananan kayansa ba sa wuyar samu, kuma mai gyaran keke na unguwa ya san cikinsa. Ɗigon mai da sabon bel kan ishe shi ya tashi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai kuma abin da keken yake ɗauke da shi. Ga matar da ke zaune a cikin gida, keken ɗinki jari ne da ba ya buƙatar shago. Da shi aka ɗinka kayan makaranta da kayan Sallah, da kuɗin ɗinkin aka yi zubin adashe, aka tara wa 'ya'ya mata kayan ɗaki. Mata irin waɗannan ba su bar littafi ko gini da sunansu ba, keken ne shaidar guminsu. Ɗan da ya saye shi daga magada yana adana tarihin gidansu ne, kamar yadda ake adana allon malami ko takobin kaka. A ƙasar Sin ma, a shekarun 1970, keken ɗinki na cikin kayan da ake burin samu kafin aure, tare da keken hawa da agogon hannu da rediyo.

Masu suka suna da hujjoji, kuma sun cancanci amsa. Sukan ce sabon keke mai lantarki ya fi sauri, yana yin ado da ramin maɓalli, tsohon kuwa miƙaƙƙen ɗinki kawai ya iya. Gaskiya ne, amma duk telan da aka ɗauke wa wuta daren jajiberin Sallah ya san darajar keken da ƙafa kaɗai ke juyawa, musamman yanzu da man janareta ya yi tsada. Hujja ta biyu ta fi nauyi. Idan masu hali suka riƙa sayen tsofaffin kekuna don tunawa kawai, suna jera su a falo kamar fulawa, farashi zai tashi, yaron da ya gama koyon ɗinki kuma ya rasa abin fara sana'a. Wannan suka tana kan hanya, kuma ita ce ta sa na gindaya sharaɗi tun farko. Keken da aka ajiye ba a takawa, mansa yakan bushe ya daskare, tsatsa ta kama shi, a yi asarar kayan aiki, tunawar ma ta koma kufai.

Saboda haka, wanda Allah ya hore wa ya sayi keken mahaifiyarsa, ko irin nata, ya saya ba tare da jin kunya ba. Amma ya kira mai gyara, ya sa masa mai, ya zaunar da 'yarsa ko ɗan maƙwabci a kansa su koyi sana'a, ko ya ba marainiya aro ta nemi na kanta. Idan wata ta ci abinci da keken, muna fatan ladan ya isa ga wadda ta fara taka shi. Kafin ku kira ɗan gwangwan, ku yaye zanen nan, ku juya keken ku ji ko yana motsi.