FENTI BA YA WANKE HA'INCI: JAN KUNNE GA MASU SAYAR DA GIDAJE DA DILLALANSU

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya gida ya zama sutura da wurin natsuwa ga ɗan Adam. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW), wanda ya yi fatauci tun kafin a aiko shi, mutanen Makka suka shaide shi da gaskiya da riƙon amana, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata ɓarna da ta zama ruwan dare a garuruwanmu, har ta kai ba a ɗaukarta zunubi, sai dai a kira ta wayo ko sanin kasuwa. Da zarar damina ta ɗauke, bango ya bushe, sai ka ga mai gida ya kirawo birkila da mai fenti. Tsagewar da ta taso tun daga tushen gini har zuwa ƙarƙashin taga a cusa mata siminti a shafe. Silin da yoyo ya yi wa taswira a cire shi a kafa sabo, alhali kwanon da ke bisansa yana nan da hujojinsa, katakon da gara ta cinye yana nan a ɓoye. Gindin bangon da danshi ke ci kowace shekara a yi masa baƙin fenti, wai ado. Daga nan a ɗauki hoto ta kusurwar da kwatar ƙofar gida ba za ta fito ba, a tura wa dillalai su watsa a WhatsApp, a ce gida ne sabo fil, mai shi tafiya ce ta kama shi.

Kada wani ya juya maganarmu. Ba mu ce gyaran gida kafin sayarwa haramun ne ba. Ka share, ka kwashe shara, ka gyara famfo, ka yashe masai, ka sake kwanon da ya ruɓe, ka yi fenti, duk wannan halal ne, kuma ƙarin kuɗin da ka samu saboda shi halaliyarka ce. Musulunci bai ce ka kai hajarka kasuwa da dauɗa ba. Tambayar guda ɗaya ce: aibin ka cire, ko kuwa idon mai saye ka rufe? Wanda ya haƙa tushe ya gyara abin da ya sa bango ke tsagewa, ya yi gyara. Wanda ya shafe tsagewar ya bar sababinta, yana sane cewa kafin watan Agusta za ta sake buɗe baki a hannun wani, wannan algus ya yi, ko da fentinsa daga Dubai aka kawo shi.

Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki, yatsunsa suka ji lema. Mai kayan ya ba da hanzarin cewa ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi (SAW) bai zarge shi a kan ruwan sama ba, domin ba shi ya saukar da shi ba. Abin da ya zarge shi a kai shi ne barin jiƙaƙƙen a ƙasa inda mutane ba za su gani ba, sannan ya barranta daga duk mai yin algus. To, jama'a, idan an yi wannan tsawa a kan abincin da za a cinye cikin 'yan kwanaki, yaya lamarin gidan da mutum ya shekara 20 yana tara kuɗinsa, ko ya zuba kuɗin sallamarsa na barin aiki gaba ɗaya a ciki? Haka nan Bukhari da Muslim sun ruwaito hanin ɗaure hantsar dabba a ƙi tatsarta kwana da kwanaki don mai saye ya zaci mai yawan nono ce, kuma shari'a ta ba wanda aka yaudara damar mayar da ita. Mai cika tankin ruwa da jarkokin 'yan garuwa ranar da za a zo ganin gida, don a buɗe famfo a ga ruwa na zuba, me ya raba shi da mai ɗaure hantsa?

Za su ce mana: ai mai saye yana da ido, ya shiga ɗaki ɗaki ya duba, gani ya kori ji, kuma an rubuta a takarda cewa ya saya yadda ya gani. Wannan hujja ce ta wanda bai buɗe littafi ba. Ibn Majah ya ruwaito daga Uƙbatu ɗan Amir (RA) cewa bai halatta Musulmi ya sayar wa ɗan'uwansa abu mai aibi ba sai ya bayyana masa. Nauyin bayani a wuyan mai sayarwa yake, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Kuma a mazhabar Imam Malik, wadda kowa a ƙasar nan yake cewa ita yake bi, sharaɗin kuɓuta daga aibi ba ya amfanar wanda ya san aibin ya ɓoye. Malaman mazhaba ba su bar zancen gida a dunƙule ba. Sun kasa aibinsa gida uku: ɗan ƙarami wanda ba a kula shi, da matsakaici wanda za a rage wa mai saye kuɗi gwargwadonsa, da babba wanda yake ba shi ikon mayar da gidan ya karɓi kuɗinsa. A cikin Mukhtasar, Shaihu Halilu ya yi misali da tsagewar bango, ya bambance wadda ake tsoron ta rushe gida da wadda ba a tsoro, ya kuma ambaci rijiyar da ruwanta ya zama zartsi a wurin da ruwan maƙwabta yake garɗi. Dubi wannan zurfi! Fiye da shekara 600 ke nan malamai suna maganar ɗanɗanon ruwan rijiya a cikin cinikin gida, mu kuwa muna sayar da gidan da rijiyarsa ke shan ruwan masai, mu yi shiru.

Babban aibin da aka fi ɓoyewa shi ne ruwa. Mai gida ya san cewa a kan hanyar ruwa ya yi gini, ko a kan kududdufin da aka cike da shara. Ya san daren da ya kwana yana kwalfe ruwa da bokiti, yara suna bisa gado. Shi ya sa ba zai sa gidan a kasuwa ba sai tsakiyar rani. Bayan abin da ya sami Maiduguri a watan Satumba na 2024 lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, da abin da ya sami Mokwa a watan Mayu na 2025, babu mai hankalin da zai ce ruwa ƙaramin aibi ne. Wanda ya ɓoye wannan ba dukiyar ɗan'uwansa kaɗai ya yi wasa da ita ba, har da rayukan iyalinsa.

Sai mu zo kan dillalai. Dillanci sana'a ce ta halal. Imam Bukhari ya ambaci cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifi a ladan dillali ba, har ya kawo daga Ibn Abbas (RA) halaccin mai kaya ya yanka wa dillali farashi, abin da ya hau a kai ya zama nasa. Amma a lura, wannan da sani da yardar mai kaya ne. Abin da ake yi yau daban ne. Dillali ya je wurin gwauruwar da ba ta san kasuwa ba ya karya mata gida, ya ce unguwar ta mutu, ba mai taya shi sama da kaza. Ya juya wurin mai saye ya ce ta rantse ba za ta sallama ba sai ninkin haka. Ya haɗiye tsakani, sannan ya miƙa hannu dama da hagu ya karɓi la'ada. Wakili amintacce ne a shari'a, kuma wannan cin amana ce tsagwaronta. Wani lokaci dillalai biyar ko shida ne a jere tsakanin mai gida da mai saye, kowa ya ɗora nasa, kuma aikinsu na farko shi ne hana mutanen biyu haɗuwa.

Akwai kuma tayin ƙarya. Ana cikin zagaya gida sai ga wani ya faka mota, da babbar riga, ya taya da tsada, ya ce gobe zai kawo kafin alƙalami. Ba saye zai yi ba, ɗan kore ne, an yi da shi za a ba shi na goro. Wannan shi ne najashu, wanda haninsa ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Ibn Umar (RA). A kan wannan sai a zuba rantsuwa: wallahi jiya an taya miliyan kaza na ce albarka. Ya kai mai rantsuwa, ka sani Muslim ya ruwaito daga Abu Zarrin (RA) cewa mai tallata hajarsa da rantsuwar ƙarya yana cikin mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar alƙiyama. Wal'iyazu billahi. Ba ma za mu tsaya a kan masu zuwa wurin ɗan tsibbu a ba su laya su binne a bakin zaure don gida ya yi farin jini ba. Waɗannan sun haɗa shirka da zamba a ƙwarya guda, kuma an sha bayaninsu a wannan mujalla.

Wani gidan kuma gininsa lafiya lau, aibin yana cikin takardunsa. Tun da aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa a 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma wanda yake riƙe da takardar mallaka ta gwamnati ba ya mayar da ita ga wani sai da amincewar gwamna. Mai sayarwa ya san takardarsa tana jingine a banki, ko akwai shari'a a kan filin, ko hukuma ta riga ta shafa wa katangar jan fenti saboda ta ci hanya, sai ya goge alamar ya yi gum. Wani ma ya sayar wa mutum biyu gida ɗaya. Abin kunya ne a ce a garuruwan Musulmi sai mutum ya rubuta a bangonsa da manyan baƙaƙe cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne, don tsoron kada a sayar da shi yana ciki yana barci.

Mafi muni duka shi ne gidan gado. Uba ya rasu, ba a share makoki ba babban ɗa ya kira dillali. 'Yan'uwa mata suna gidajen aurensu ba a shawarce su ba, wani ɗan'uwan yana Kurmi wurin neman abinci, marayu ƙanana ba su san abin da ake ciki ba, matar mamaci ko takabarta ta wata 4 da kwana 10 ba ta gama ba, alhali tana da haƙƙin zama a ɗakinta har ta fita, ga kuma tumuninta a cikin gidan. Wanda ya sayar da rabon da ba nasa ba, cinikinsa yana rataye a kan yardar masu shi. Ko nasa rabon kaɗai ya sayar kafin a raba, abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shufu'a, wato su biya abin da baƙon ya biya su karɓe, kamar yadda ya zo a hadisin Jabir (RA) a Bukhari. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, ya lissafa mamaye dukiyar gado da babban magaji yake yi a cikin bidi'o'in da aka haramta. Ayar da ta yi wa masu cin dukiyar marayu alkawarin wuta tana nan a Suratun Nisa'i, aya ta 10, kullum ana karanta ta a tafsirin azumi, masu wannan aiki suna sahun gaba suna gyaɗa kai.

A nan ne maganar ta dawo gida. Mu da muke kiran kanmu ma'abota Sunna, muna tsanantawa a kan daidaita sahu da tsawon wando, kuma daidai ne mu yi haka. Amma mutane suna kallonmu a wurin ciniki fiye da yadda suke kallonmu a masallaci. Idan mai gemu ya sayar wa maƙwabcinsa gida mai yoyo, ba shi kaɗai za a zaga ba, da'awar gaba ɗaya za a zaga, kuma wa'azin shekara ba zai gyara abin da ya ɓata ba. Tirmizi ya ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya hana wanda bai fahimci addini ba yin ciniki a kasuwar Musulmi. Dillalai nawa ne a cikinmu suka taɓa zama gaban malami suka karanta babin ciniki ko da na Risala ne?

Saboda haka muna kira ga kwamitocin masallatanmu da su sa babin ciniki cikin karatun tsakanin magariba da lisha, a gayyaci dillalai da magina musamman, domin birkilan da ya shafe tsagewa yana sane da manufar mai gida abokin tarayya ne a cikin laifin. Duk ɗan'uwan da zai sayar da gida ya zauna ya rubuta aibobinsa da hannunsa: inda yake yoyo, shekarar da ruwa ya shiga da inda ya kai, halin rijiya da masai, bashin wuta da na ruwa da ke kansa, da matsayin takardunsa. A karanta wannan a gaban mai saye da shaidu biyu, a haɗa shi da takardar ciniki, a faɗi la'adar dillali a fili kowa ya ji. Limami ko mai unguwar da aka kira shaida a kan gidan gado kuwa, kada ya sa hannu sai ya ji daga bakin kowane magaji, mace da namiji, kuma sai ya ga wanda alƙali ya naɗa ya tsaya wa marayu.