Kuɗin takardar farauta: wa za ya biya, kuma ina za su shiga?

Masu saurarenmu na karkara, da 'yan uwa da ke karanta mu ta waya daga Kano, Agadas ko Libiya: an kau da amfanin gona, samari sun fara kiran karnuka. Da wannan lokaci ya zo sai maganar takardar farauta ta taso, wasu na cewa a ƙara kuɗinta don a ceci namun daji, wasu na cewa talaka bai iya biya.

Dokar da ke aiki ita ce mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998. Ta raba izini kashi-kashi: akwai na masu bincike, na masu kama dabba da rai don sayarwa, na masu farautar nishaɗi, akwai kuma na farautar gargajiya, wanda shi ya shafe mu. Ta hana farauta da dare, da wuta, da guba, da bin dabba cikin mota. Hukuma ce ke buɗe lokacin farauta, ita ke rufe shi.

To, a faɗi gaskiya. Tsakanin Cadawa, Agiye da Gazawa, yaushe rabon da a ga barewa? Gona ta haɗe da gona, dajin ya ƙare. Abin da yaro ke dawowa da shi zomo ne, ko kurege, in ya yi sa'a zabon daji. Mai son ganin barewa sai ya nufi Gadabeji, gandun da aka keɓe tun 1955, inda aka kai raƙuman dawa daga Kure a 2018, kuma can ba wurin harbi ba ne. Saboda haka ƙara wa mai zomo kuɗi ba za ya maido da barewa ko ɗaya ba. Abin da za ya haifar shi ne ɓoyo: mutum ya ƙi yankar takarda, ya fita da dare. Wanda ya kamata ya ji nauyin kuɗin shi ne mai zuwa da manyan motoci da shaho yana neman tuje.

Tambayar da ta fi damuna ita ce inda kuɗin ke shiga. A Ɗan Saga, cikin gundumar Agiye, kwamitin gari ne ya tsare sassaben zamani har itatuwa suka dawo gonaki, don mutane sun ga amfanin abin a gidajensu. Da za a bar wani kaso na kuɗin takarda a ƙaramar hukuma, a sa sarakunan baka cikin tsaro tare da ma'aikatan gandun daji, da maharbi da kansa za ya kama mai ɓarna.

Sai dai tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 babu majalisar dokoki zaɓaɓɓa, doka daga sama take saukowa. Duk canjin da za a yi, bakin da ya rage mana shi ne na masu gari da hakimai. Su kai kukan tun ba a sa hannu ba.

Ku kuma na Gidan Rumji da bakin iyaka, inda 'yan bindiga suka hana barci: takardar farauta daban, izinin riƙe bindiga daban. Masu aiko wa ƙannensu kuɗi daga waje, ku ce su fara zuwa ofishin gandun daji na gunduma su tambayi farashi, su kuma karɓi rasit.