RA'AYINMU: Kubanni Da Mutanen Bakinta

Ya 'yan'uwa ɗalibai, mu nawa ne a cikinmu suka taɓa tambayar inda ruwan da muke sha a Samaru ya fito? Muna karanta labarin Nilu da Kwara a littafi, alhali kuwa ƙoramar da ke bayan ɗakunanmu ba mu san kanta ba, balle wutsiyarta.

Kubanni ta taso ne daga tudun Kampagi, wajen Shika. Ta ratso ƙasar Jami'ar Ahmadu Bello, inda aka datse ta a shekarar 1973 domin samun ruwan sha, sa'an nan ta gangara ta bi tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari, ta faɗa Galma, Galma kuwa ta kai ruwan Kogin Kaduna. Da damina takan cika ta batse. Da rani sai ta janye, ta bar fadama mai danshi. A wannan fadama ne manoma ke noman rake da tumatir da albasa da alayyafo, makiyaya kuma su shayar da shanunsu. Watau miyar da muke ci da ruwan da muke sha duk tushensu guda.

To, ga inda gizo ke saƙar. Idan aka sare itatuwan bakin rafi, aka yi huɗa har gaɓa, ruwan sama sai ya kwashe ƙasa ya zuba a madatsa. Manomi ya yi hasarar albarkar gonarsa, madatsa kuma ta cike da laka, ruwan da take riƙewa ya ragu. Sharar da muke zubarwa a magudanai kuwa, can take tafiya wurin mai lambun da ke gangare, ta komo mana a kwanon miya.

Ba daidai ba ne mu ɗora wa talakan ƙauye laifi. Wanda gonarsa ba ta ishe shi ba, ina zai bar gaɓa ba noma? Abin da ya kamace mu shi ne mu tafi Bomo da sauran ƙauyukan kewaye, mu zauna da dattawa, mu ji abin da suka sani game da rafin, sa'an nan mu dasa itatuwa tare da su kafin damina ta kankama. 'Yan'uwanmu da suka kama aikin gwamnati kuma, lalle su tuna da fadama ranar da takardun rabon filaye suka iso teburinsu.

Allah ya sa mu gane, amin.