Fuskar dala biyu da ta firgita Amurka

Masu cewa rashin kuɗi ne ke hana fim yin kyau, ya kamata su dubi yadda aka yi Halloween, fim ɗin ban tsoro da John Carpenter ya fitar a 1978. Abin da aka kashe bai wuce dala dubu 300 da ɗoriya ba, aka gama ɗauka cikin kimanin kwana 20. Farar fuskar nan da makashin ke sanyawa, ta roba ce mai kamannin ɗan wasa William Shatner na shirin Star Trek. Tommy Lee Wallace, ɗaya daga cikin ma'aikatan fim ɗin, ya sayo ta a shago ƙasa da dala biyu, ya faɗaɗa ramukan idon, ya fesa mata farin fenti. Labarin yana faruwa ne a Illinois a ƙarshen Oktoba, lokacin da ganye ke bushewa yana zuba, amma an ɗauke shi a Kalifoniya bishiyoyi na kore shar. Sai ma'aikata suka riƙa watsa ganyen da aka shafa wa fenti a kan titi, da an gama su tsince shi su zuba a buhu don fitowa ta gaba.

Abin da ya kamata a lura da shi, a ganina, shi ne inda suka ƙi yin rowa. Kaso mai tsoka na kuɗin ya tafi kan kyamarar Panavision, wadda ke bin mutum sumul ba girgiza. Da ita aka ɗauki farkon fim ɗin, inda mai kallo ke leƙa taga, ya shiga gida, ya hau bene da idon makashin. Jini kaɗan ne a ciki. Carpenter ya gane cewa tsoro a jira yake, a inuwar da ke tsaye bayan shinge, sannan ya haɗa kiɗan da kansa.

Wani zai ce sa'a ce kawai, tunda ƙananan finafinai barkatai sun mutu ba a ji ɗuriyarsu ba. Sa'a na da rabonta, amma ba ita ta zaɓi a sayi fuska da araha a biya kyamara da tsada ba. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na haƙƙin ma'aikata, kuma ba zan kare fim ɗin a kan wannan ba. Nick Castle, wanda ya sanya fuskar, dala 25 ake ba shi a rana, alhali fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 70 a duniya. Wannan laifin rabon riba ne, kuma gumin irin su Castle ne ya cike giɓin da kuɗi suka bari.