Ka Faɗa Mana Yaushe, Dalilin Naka Ne

A manyan ofisoshi ma'aikata na amfani da kalandar kwamfuta, irin ta Google ko Outlook. Kowa na rubuta hidimominsa na mako, amma yana iya saita ta yadda abokin aiki abu ɗaya kawai zai gani: wannan sa'a wane yana da sarari, waccan ba ya nan. Ko asibiti ya je ko taro, kalandar ba ta faɗa sai mai ita ya yarda. Mai son kiran taro sai ya duba inda sararin kowa ya haɗu.

Na san abin da malamin Dogo-Dogo zai ce: mu da ke biyan kuɗi a caja mana waya, ina mu ina kalandar intanet? Yana da gaskiya. To amma dabarar na aiki ko da alli da allo ne, kuma mun fi ƴan ofis bukatarta.

Ɗauki makarantar ƙauye a ƙasar Bande ko Malawa, aji shida, malamai huɗu. Ranar Talata an kira darakta wurin sufeto. Ɗan kwantaragi ɗaya ya hau kabu-kabu zuwa Magarya neman kuɗin wata. Malama kuma tana da suna a gidansu. Kowa na da uzurinsa na gaskiya, amma ba wanda ya san na ɗan'uwansa. Sai a bar mutum guda da aji shida. Yaran da suka tako yashi tun da sassafe su koma gida kafin hantsi ya yi zafi. Uban da ya ga haka sau biyu, a na uku gona zai tura yaron, yarinya kuma a aza mata farantin talla. A makarantar da ma ba ta fara karatu sosai sai an gama girbi an samu karan yin rumfuna, kowace rana irin wannan asara ce babba. Da an san da tafiye-tafiyen tun ranar Juma'a, da ɗaya ya ɗaga tasa zuwa Laraba.

Abin da ke hana malamai yarda shi ne tsoron kada takardar ta zama sandar duka. Ban ga laifinsu ba. Malama mai juna biyu da za ta je awo ba ta son a rubuta hakan a bangon ofis, kowa na karantawa. Shi ya sa nake cewa a tsaya inda kalandar can ta tsaya: suna, rana, yana nan ko ba ya nan. Dalili da neman izini su zauna tsakanin malami da darakta.

Kuma a fara daga sama. Darakta ya fara rubuta nasa. Masu shirya taron CAPED, inda malamai ke ƙara wa juna sani, su sanar da rana da mako guda aƙalla, maimakon saƙon WhatsApp na tsakar dare wanda rabinmu ba za su gani ba sai sun hau tudu neman rezo. Tun 2011 da Dungas ta zama gunduma mai cin gashin kanta tafiyar wasu ta ragu, amma daga ƙauyukan nesa har yanzu yini guda ne.

Ku ma iyaye da naku rabon. Kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar uwaye su nemi a tsayar da sa'a ɗaya a mako da za a iske kowane malami. Tunda da yawa ba sa karanta boko, liman ko mai gari ya sanar bayan salla. Ku kuma ku gaya mana ranar kasuwarku da makon da za ku yanki gero, don kada mu sa jarrabawa a ranar da rabin aji ke gona.