Gudun kilomita 50 a Agie, Gazawa da Gidan Rumji: juriya kaɗai ba ta isa ba

Daga Maraɗi zuwa Gidan Rumji, a kan hanyar ƙasa mai lamba 1, tazarar kimanin kilomita 50 ce. Mota tana cinye ta cikin sa'a guda. A wajen masu tsere kuwa, wannan tazara ita ce matakin farko na abin da ake kira ultramaraton, wato duk gudun da ya zarce kilomita 42 da mita 195 na gudun fanfalaki. Sama da shi akwai na kilomita 100, akwai na kilomita 160, akwai kuma wanda ake kwanaki ana yi.

Wasan ya daɗe a nahiyar Afirka. A Afirka ta Kudu, tun 1921 ake tseren Comrades tsakanin Durban da Pietermaritzburg, kusan kilomita 90, kuma wanda ya wuce sa'a 12 bai iso ba an rufe masa ƙofa. A Maroko, tseren Marathon des Sables da Patrick Bauer ya kafa a 1986 yana ɗaukar mako guda cikin hamada, kimanin kilomita 250, kuma ɗan ƙasar, Lahcen Ahansal, ya lashe shi sau 10. Nijar ma an taka ƙasarta: tsakanin Nuwamban 2006 da Fabrairun 2007, Charlie Engle na Amurka da Ray Zahab na Kanada da Kevin Lin na Taiwan sun ratsa Sahara da gudu daga Senegal zuwa Masar cikin kwana 111, sun bi ta Agadez da Tenere, jagoransu kuma ɗan Nijar ne, Mohamed Ixa.

Amma a jerin masu lashe irin waɗannan tsere ba a jin sunan ƴan Nijar. Lambobin yabo biyu da ƙasar ta samu a gasar Olamfik daga faɗa suka fito: tagullar Issaka Daboré a dambe a 1972 da azurfar Abdoul Razak Issoufou Alfaga a taikwando a 2016. A cikin gida kuma kokawa ce sarauniya tun 1975, shekarar da aka fara gasar takobi.

Wannan gibi ne ke sa wasu cewa ai kayan aikin yana nan a ƙauyuka, tsere kawai ya rage a shirya. Suna nuni da makiyayin da ke yini bayan dabbobi, da matar da ke takawa zuwa kasuwa da kaya a ka, da manomin da ke yini a kan haiwa. Juriyar gaskiya ce. Sai dai mai tafiya yana tsayawa lokacin da ya ga dama, ya sha inuwa, ya jira rana ta yi sanyi. Mai tsere agogo ne ke korarsa, ga kunyar janyewa a gaban jama'a. A nan haɗarin yake.

Zafi ne babban abokin gaba

A watannin Afrilu da Mayu zafi a jihar Maraɗi yana haura maki 40. Jikin mai gudu shi ma murhu ne, kuma gumi ne babbar hanyar da yake huce kansa. Cikin zafi mutum yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu na gumi a kowace sa'a. Idan zafin cikin jiki ya wuce maki 40, mutum ya fara tangaɗi ko sambatu, to ransa yana cikin haɗari, kuma maganin farko shi ne a jiƙa shi da ruwan sanyi nan take, tun kafin a nemi mota.

Ƙwararru ma ba su tsira ba. A gasar duniya ta Doha a 2019, an fara fanfalakin mata da tsakar dare don kauce wa rana, amma duk da haka cikin mata 68 da suka tashi, 28 ba su ƙarasa ba.

Ruwa shi ma yana da iyaka. Wanda ya yi ta kwankwaɗar ruwa zalla na sa'o'i, gishirin jininsa yana iya raguwa har ƙwaƙwalwa ta kumbura. Wani bincike kan masu fanfalakin Boston na 2002 ya gano wannan matsala a jikin kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka gwada. Don haka ake shawartar mai gudu ya sha gwargwadon ƙishirwarsa, ya haɗa da abu mai gishiri. Ruwan gishiri da sukari da kowace uwa ta sani don yaro mai zawo yana da amfani a nan.

Ke nan lokacin tsere a wannan yanki ɗan kaɗan ne: daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu, bayan an gama kaka, a tashi da asuba. Shi ma lokacin yana da nasa cikas. Ƙurar hunturu tana takura wa masu ciwon asma. Azumi kuma yana matsowa da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara, kuma cikin ƴan shekaru masu zuwa zai faɗo cikin Janairu da Disamba. Duk mai tsara rana sai ya duba kalanda biyu.

Shirin mai gudun farko

Masu horarwa galibi ba sa barin mutum ya faɗa wa kilomita 50 sai ya saba da 21, ya kuma gwada 42 ko kusa da haka. Daga nan shirin yana cin wata huɗu zuwa shida. Ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan, ana ware rana ɗaya a mako don dogon gudu a hankali, irin wanda mutum zai iya hira yana yi, sannan a rage aiki mako biyu zuwa uku kafin ranar tsere. Haɗa gudu da tafiya ba abin kunya ba ne, yawancin masu ultramaraton haka suke yi. Sannu ba ta hana zuwa.

Ci ma horo ne. Ajiyar sukarin jiki tana ƙarewa cikin kusan sa'a biyu, alhali mai gudun farko yana iya kai sa'a shida zuwa takwas a kan hanya. Dabino da kunu da ayaba sun wadatar, ba sai an sayo kayan Turai ba. Ƙa'idar ita ce kada a ci wani abu ranar tsere wanda ba a gwada ba lokacin horo. Haka ma takalmi: sabo yana fasa ƙafa, na gwanjon da ya lotse kuma yana cin gwiwa.

Akwai abubuwa uku da suka shafi wannan yanki musamman. Na farko amosanin jini, wanda ya yawaita a Nijar. Wanda ke ɗauke da ƙwayar gadonsa yana iya rayuwa lafiya bai sani ba, sai wahala mai tsanani da zafi da ƙarancin ruwa su haɗu su kayar da shi. Gwajin jini kafin fara horo ya zama dole. Na biyu zazzaɓin cizon sauro, wanda ke tsananta a ƙarshen damina, ya bar mutane da ƙarancin jini daidai lokacin da horo ya kamata ya kankama. Na uku tramol. Matashin da ya saba haɗiyarsa don aikin ƙarfi zai ɗauka zai taimake shi a tsere, alhali yana rufe ciwon da ke gargaɗin jiki ne kawai, yana kuma iya jawo farfaɗiya. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a gasa tun Janairun 2024. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen su ma suna iya lahanta ƙoda a dogon gudu. Wanda ya ga fitsarinsa ya koma kalar shayi bayan gudu, asibiti ya kamata ya nufa.

Nauyin da ke kan masu shiryawa

A watan Mayun 2021, mutum 21 cikin 172 sun mutu a tseren kilomita 100 a lardin Gansu na ƙasar Sin. Sanyi da iska ne suka rutsa da su a kan tsauni, inda masu agaji suka kasa isa da wuri. Yanayin ya bambanta da na Maraɗi, amma darasin ɗaya ne: tsayin hanya yana raba masu gudu da masu ceto.

Hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta bi ta Gidan Rumji da Tibiri da Maraɗi da Cadawa da Agie da Gazawa, tana da daɗin ambato a matsayin filin tsere. Amma ita ce jijiyar manyan motoci tsakanin Yamai da Damagaram, kuma rufe ta na rabin yini ba ƙaramin abu ba ne. Ga batun tsaro: gundumar Gidan Rumji tana karɓar ƴan gudun hijira daga jihohin Sakkwato da Zamfara tun 2019, kuma ƙauyukan bakin iyaka suna fama da ƴan bindiga masu satar mutane da dabbobi. Baza matasa ɗai-ɗai a kan kilomita 50 tun duhun asuba nauyi ne da ba kowane magajin gari zai yarda ya ɗauka ba.

Mafita mafi sauƙi ita ce zagaye. Hanyar kilomita 5 a gefen gari, a zagaya ta sau 10, ta ba da kilomita 50. Rumfa ɗaya ta ruwa da abinci ta isa, ma'aikacin lafiya yana ganin fuskar kowane mai gudu duk bayan rabin sa'a ko fiye kaɗan, yana da ikon cire wanda ya ga alamar haɗari a jikinsa, asibitin gunduma kuma yana kusa. Ƴan kabu-kabu kaɗan za su iya sa ido a kan hanyar baki ɗaya. Yankin Agie yana da wata fa'ida ta daban: itatuwan da manoma suka raya a gonakinsu cikin shekarun da suka wuce, musamman gawo, wanda ke riƙe ganyensa da rani. Tsarin zagaye kuma yana ba da damar a haɗa da tseren kilomita 10 da na 21 a rana guda, ƴan lakkol da mata su samu shiga a gaban iyayensu.

Kuɗin shiga Marathon des Sables kaɗai ya haura Yuro 3,000, kusan sefa miliyan 2, abin da ya fi ƙarfin matashin Gazawa. Tseren gida ba ya buƙatar ko kusa da haka. Abin da yake buƙata shi ne amincewar hukumar wasannin guje-guje ta ƙasa, da hannun magadan gari da sarakuna, da gwajin lafiya ga kowa, da dokar da ta ce babu mai shiga kilomita 50 sai wanda ya taɓa gama 21. Idan aka fara da waɗannan, za a iya maimaita tseren baɗi. Idan aka fara da kyautar babur da kiɗan zuga, gawa ɗaya ta isa ta sa iyaye su hana ƴaƴansu wasan na tsawon shekaru.